Ni Ma Na Ɗauki Lauya

Rediyon baban yara ba ta hutawa. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ita ce abokiyar hirarsa, tana rataye a ƙusa saman gadonsa tana ta zuba. Ina cikin goge masa baya da tsumma mai ɗumi na ji wani mutum yana magana a cikinta, a hankali, irin maganar wanda bai taɓa gudu don ya tari mota ba. Wai shi ne shugaban makarantar lauyoyi ta jami'a. Wai za su sake tsarin karatunsu, don haka suna gayyatar alƙalai da manyan lauyoyi da duk masu ɗaukar lauyoyi aiki, su zo su faɗi abin da suka gani a yaran da makarantar ta yaye.

Na ajiye tsumman.

"Auta! Zo ki ji, ana nemana."

Autata ta leƙo da kumfar wanki har gwiwar hannu. Ta saurara kaɗan, ta taɓe baki.

"Inna, ba da ke ake ba. Masu kamfani ake nufi, da bankuna, waɗanda ke ba lauya ofis da albashi."

"Me mutumin ya ce? Masu ɗaukar lauya aiki. Ni ban ɗauka ba? Har biyu na ɗauka. Wane banki ne ya fi ni sanin ɗanɗanonsu?"

"Za ki ja mana abin kunya."

"Kunya ta daɗe da ƙarewa a gidan nan, sai dai a aro a maƙwabta."

Baban yara ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana wani gurnani. Na ce, "Kin gani, ko ubanki ya goyi bayana."

"Ruwa yake nema, Inna."

Bari in faɗi abin da ya kai ni, don kada a ce tsohuwa ta tashi da neman fitina. Gidanmu a ƙuryar lungu yake, kuma lungun nan shi kaɗai ya haɗa mu da titi. Ta nan muke tura keken baban yara zuwa asibiti a gasa masa jiki. Mutum ne ƙato, tsohon direban babbar mota, keken asibiti ba ya ɗaukarsa. Mai walda ne ya ƙera masa nasa da ƙarfen gado da tayoyin babur. Yana da faɗi, yana da nauyi, kuma ba ya naɗewa.

Sai wani ya sayi filin da ke gefenmu ya gina sito. Mai Sito ya kawo masu awo, suka ja igiyarsu, suka ce yawancin lungun nasa ne, zai ja katanga. Na ce ba a haifi mai jan katangar ba. Na kai ƙara, na ɗauki lauya.

Yaro ne sabon fitowa, wuyansa kamar na zakara a cikin kwat da ta fi shi. A gida Ɗan Kwat muke ce masa. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana da ladabi, har ƙasa yake gaishe ni. Muka yi ta zuwa kotu ana ɗagawa, ana ɗagawa. Ran nan na hange shi a baranda shi da lauyan Mai Sito suna ƙus-ƙus. Da aka shiga ya sunkuyo kunnena.

"Mama, mun samu mafita. Za a daidaita, kowa ya huta."

Na ce, "To."

Alƙali ya yi magana da yarensu na kotu. Tafinta ya juyo ya ce, "Kin ji abin da lauyanki ya faɗa?" Na ce, "To, na ji." Aka miƙo takarda na dangwala yatsa, kamar yadda nake dangwalawa duk zuwa.

Duk wanda mace ta haifa ya san "to" ba ɗaya ba ce. Akwai "to" ta ina jinka, ci gaba. Akwai "to" ta na yarda. Akwai "to" ta za ka gani. Tawa ta ina jinka ce. Jira nake mu fita ya zaunar da ni ya warware mini zare da abawa. Muna fita ya tari babur, wai yana da wata kotun.

Sai da tifa ta juye bulo a bakin lungu na san abin da na dangwala. Wai na yarda Mai Sito ya ja katangarsa, ya bar mana ratar da mutum zai wuce a karkace, shi kuma ya gyara mana kwata, inda ruwan gida ke bi. Kwata! Wa ya kai ƙarar kwata?

Lauya ta biyu mace ce, mai tabarau, ofishinta a saman kantin magani. Ita ba ta iya shafa wa magana mai ba, shi ya sa nake ganin girmanta. Ta ce, "Inna, hukuncin da aka yi da yardar mutum ba a ɗaukaka shi. Ƙofa ɗaya ta rage. Lauyanki na farko ya rubuta ya rantse cewa bai fayyace miki ba. In ya yi, zan nemi a tsayar da ginin. In bai yi ba, hannuna a ɗaure yake."

Shi kuwa Ɗan Kwat ya samu aiki a wani babban ofishin lauyoyi mai ƙofar gilashi. Na je na je har masu gadin suka haddace zanena. Kullum ya fita, kullum yana ganawa. Wayarsa kuwa ta zama rijiya, ka jefa ba ka jin ƙarar faɗuwa. Da na ji rediyo na ce madalla, tunda ɗan ya ƙi ji, bari in je wa waɗanda suka raine shi.

Ranar taron na bar Auta da ubanta na hau mota. A ƙofar zauren akwai tebur da wata yarinya mai jan farce tana raba kati mai igiya.

"Mama, daga wace ma'aikata?"

"Daga gidana."

"A'a, wa kike wakilta?"

"Kaina, da wani tsoho da ke kwance."

Ta fara waige-waigen neman mai gadi. Sai ga wani dogo mai furfura a gefen kai ya tsaya. Yana buɗe baki na gane muryar rediyo, shugaban ne. Na gaya masa na ɗauki lauyansu aiki, na zo in faɗi abin da na gani. Sai fuskarsa ta washe kamar wanda ya tsinci abu a hanya.

"Ikon Allah. Ai irinki muka rasa. Ba ta kati."

Zauren sanyi ƙalau kamar ɗakin ajiye gawa. Dogon tebur da farin ƙyalle, gaban kowa robar ruwa da ɗan lasifika mai jan ido. Aka zaunar da ni a ƙarshe, kusa da wani tsoho mai abin ji a kunne. Ya ce shi alƙali ne da, ya ajiye aiki. Ya kama katin wuyana ya karanta, ya yi dariya.

"Kin san me aka rubuta miki? Jama'a. Yau ke kaɗai ce jama'a, sai ki gyara zama."

"Su sauran ina suke?"

"Suna kotu ana ɗaga musu."

Na ji tsohon ya kwanta mini. Shi ya riƙa juya mini duk inda suka karkata zuwa yarensu.

Wata mata daga banki ta fara. Ta ce yaran da ake turo musu ba su iya gajeren rubutu ba, ka tambaye su abu kaɗan su cika maka shafi. Wani daga kamfanin waya ya ce ba su san cinikin intanet ba, a ƙara musu darasi. Wani ya ce ba sa zuwa aiki da wuri. Duk abin da aka faɗa, wata malama tana rubutawa a farin allo, shugaban yana gyaɗa kai yana godiya. Na ce a raina, ashe haka ake yi. Mai tukunya ya tara masu saye yana tambaya ina take yoyo. Wanda ruwan ya zuba a kansa ba a neme shi ba.

Sai wani babban lauya ya danna lasifikarsa. Mutum mai tumbi, da zobe a ɗan yatsa. Ina duban bayansa na ga wanda ke riƙe masa jaka. Ya yi ƙiba, kwat ɗin yanzu ta zauna masa. Ɗan Kwat ne. Idonmu ya haɗu, ya sunkuya kamar wani abu ya faɗi masa.

Babban lauyan ya ce babbar cutar yaran yanzu son jan shari'a. A koya musu sulhu, a koya musu rufe magana da wuri, kotuna sun cika. Ya juya ya dafa kafaɗar Ɗan Kwat.

"Ga misali. Ɗalibinku ne. Abin da ya sa na ɗauke shi, tun yana shi kaɗai ya kashe wata rigimar fili da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ba tare da an kira shaida ko ɗaya ba. Irin waɗannan muke so ku riƙa yaye mana."

Aka yi tafi. Ban san lokacin da na miƙe ba. Ban danna komai ba, muryata ba ta buƙatar jan ido.

"Ni ce rigimar filin."

Duk suka juyo suna kallona.

"Ni ce ya kashe. Ranka ya daɗe, kai ka ɗauke shi bayan ya koyi aski, a kaina ya koya."

Na zayyana musu komai. Lungu, keke, baranda, "to", yatsa, bulo, kwata. Na nuna Ɗan Kwat da hannu na ce, "Ban zo a kore shi ba, ban zo a dake shi ba. Ku kuka koya masa, ku yake jin tsoro. Ku sa shi ya rubuta ya rantse cewa bai gaya mini abin da nake dangwalawa ba. Bulo yana bakin ƙofata. In katangar nan ta tashi, mijina ya gama ganin titi."

Na zauna ina haki. Na ɗauka za a yi faɗa, na shirya wa faɗa. Sai na ji tafi. Shugaban ne ya fara, sauran suka bi.

"Jama'a, kun ji?" in ji shi. "Wannan shi ne giɓin da muke nema tun safe. Yadda lauya zai yi magana da wanda ya ɗauke shi. Malama, rubuta."

Malamar ta rubuta da manyan baƙaƙe. Wani ya ce a sa shi a shekarar farko. Wani ya ce a'a, yaro bai san komai ba a lokacin, a bari sai ta ƙarshe. Matar banki ta ce kada a tilasta, a bar wa mai so. Wani siriri mai gemu ya ce shi maganar "to" ɗin nan ce ta burge shi, za a iya rubutu a kanta, ya tambaye ni ko guda nawa ce gaba ɗaya. Aka yi dariya. Malamar ta ce ko zan yarda a ɗauki muryata a riƙa sa wa ɗalibai.

Na buga tebur har robar ruwan alƙali ta faɗi.

"Lunguna fa?"

Shugaban ya haɗa tafin hannu, ya sassauta murya kamar mai lallashin mara lafiya.

"Mama, wallahi mun ji zafin abin. Amma nan ba kotu ba ce. Kuma yaro in ya fita hannunmu, ba mu da iko da shi. Abin da za mu iya shi ne mu gyara na baya, don kada a sake yi wa wata."

"Watar tana ina? Ni ce a gabanka."

"Akwai kwamitin ladabtarwa na ƙungiyar lauyoyi. Can za ki kai."

Na dubi babban lauyan. Yana duba wayarsa. Ya ɗago ya ce abin ya faru kafin yaron ya zo wurinsa, ofishinsa ba shi da hannu, amma yana tausaya wa baiwar Allah. Tsohon alƙalin ya matso kunnena.

"Ki kai kwamitin. Za su saurare ki, in an gama katangar an yi mata fenti."

"Kai ba za ka ce komai ba?"

"'Yar'uwa, ni yanzu shayi ake gayyata ta sha."

Aka tashi shan shayin kuwa. Na ga Ɗan Kwat ya sulale ta ƙofar gefe, na bi shi. Na same shi a lungun bayan gida, tsakanin bokitin mai shara da tulin kujeru, ba hanyar wucewa sai ta kaina.

"Mama, ina wuni."

"Riƙe gaisuwarka. Za ka rantse ko ba za ka rantse ba?"

Gumi ya tsattsafo masa duk da sanyin wurin.

"Mama, ki fahimce ni. In na rubuta haka, na rubuta da hannuna cewa na ci amanar aiki. Rigar lauyan za a karɓe. Ni ke riƙe da ƙannena."

"Ni wa ke riƙe da ni?"

"Kuma wallahi alheri na nufa. Takardun mutumin nan sun fi naki ƙarfi. Da an yi shari'ar, ko ratar ba za ki samu ba."

"Da ka zaunar da ni ka faɗa mini haka, in zaɓa da bakina. In na faɗi, in san ni na faɗi. Kai wa ya aike ka ka zaɓa mini?"

"Na tambaye ki, Mama. Kin ce to."

"Uwarka ba ta taɓa ce maka to ba?"

Ya sunkuya yana kallon takalminsa.

"In ka ce mata za ka fita yawo ta ce to, fita kake yi?"

Ya motsa zai raɓa ta gefena. Sai na yi abin da ban taɓa yi wa ɗan cikina ba. Na kama hannun kwat ɗinsa na roƙe shi. Na ce ya zo ya ga tsohon da idonsa, ya ga keken, ya auna ratar da tafin hannunsa. Na ce lauyata tana saman kantin magani, ko yau ya je za ta karɓe shi.

Ya zare hannunsa a hankali.

"To, Mama."

Na ba shi hanya. Na san wacce "to" ce, ta ina jinki ce.

Da na koma ɗaukar mayafina, ana jera mutane hoto. Shugaban ya ce in shigo tsakiya. Na ce ya sa allon a wurina, ai shi ya amfana. Yarinya mai jan farce ta biyo ni har waje da wata jaka mai tambarin makarantar, wai kyautar mahalarta. Na leƙa, biro ne da littafin rubutu. Na miƙa wa mai gadi.

La'asar ta yi lokacin da na sauka a bakin titinmu. Tun daga nesa na ji ƙarar shebur. Magina sun fara daga ƙuryar lungu suna fitowa, katangar ta kai ƙugu a wajen ƙofarmu, an ja igiya har titi. Auta ta riga ta turo ubanta gaba, inda ba a kai ba tukuna, tana tsaye a kansa ido ya yi ja. Ba ta tambaye ni yadda aka yi ba. Ta dubi fuskata ta kau da kai.

Babban maginin ya ajiye cokalinsa ya zo ya rusuna. Dattijo ne, ba shi da laifi, aiki aka ba shi.

"Inna, sannu da dawowa. Na ce a dakata da nan sai kin zo. Keken nan, ciki za a bar shi ko waje? Yanzu za mu iya tsallakar da shi ta saman bulon, amma in muka ɗora layin nan, inda yake nan zai zauna."

"Ciki," in ji Auta. "A waje ɓarayi za su kwance tayoyin kafin gari ya waye."

"A ciki ya kai shi ina? Daga gado zuwa bakin murhu?"

"A waje kuma wa zai kawo shi wurin keken?"

Baban yara yana jinmu. Ya damƙe tayar da hannunsa mai lafiya, jijiyoyin sun tashi, idonsa a kan titi. Wata babbar mota ta wuce da kaya har sama, ya bi ta da kallo har ta sha kwana.

Na ce, "Waje."

Na aiki Auta ta ciro sarƙar da muke ɗaure tankin ruwa. Maginin ya kira yaransa, suka wanke hannu a durom. Da ƙyar muka ɓamɓare yatsun tsohon daga tayar. Suka ɗaga shi, wani ya kama hammata, wani ƙafafu, suka shiga ratar a karkace suna "a hankali, a hankali", gwiwarsa tana gogar sabon bulo. Rigarsa ta tattare har ciki ya fito. Mutumin da ya yi shekaru yana juya motar da ta fi gidanmu tsawo. Ya rufe ido bai buɗe ba har suka shige da shi.

Na tura keken zuwa sandar wuta, na zagaya sarƙar, na datse kwaɗo. Yaran suka fito suna karkaɗe hannu, ɗaya yana cewa, "Kai, Baba akwai nauyi, Allah ya ba shi lafiya."

Na tambayi maginin yaushe za su gama.

"Gobe in Allah ya so, Inna. Jibi muna wani aikin a can gaba."

Jibi ne ranar asibiti.